SIWES a Fannin Sararin Samaniya: Ƙannena, Ku Ɗaga Kai Sama

Yau da ƙannena ɗalibai zan yi magana, musamman 'yan Fiziks, Lissafi da Kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutse da lokacin SIWES ya ƙarato musu.

Na ga da yawa suna kai takardarsu ofis mafi kusa da gida, wata shida ya ƙare a zaman benci da aiken sayo abinci. Wallahi asara ce.

Kun taɓa lura dish ɗin gidajenmu ba ya motsi? Tauraron ɗan'adam da yake kallo yana nisan kusan kilomita 36,000, yana zagaya duniya daidai da juyawarta, shi ya sa kamar a tsaye yake. A irin wannan layin aka ajiye NigComSat-1R a 2011. Shi kuwa NigeriaSat-2 mai ɗaukar hoto, nisansa wajen kilomita 700 ne kawai, cikin kusan minti 100 ya zagayo. In ambaliyar Haɗeja da Auyo kake son gani, na kusa za ka zaɓa. In talabijin ne, sai na nesa. To wannan zaɓin, da lissafin gudu da man da za a ƙona, shi ne aikin masu tsara hanyar tauraro.

Na biyu, sauraron sama. Iskar haidirojin da ke tsakanin taurari tana fitar da siginar rediyo a megahaz 1420. Hazon hunturu ba ya tare ta, da rana tsaka ma ana kama ta. Ghana wani tsohon dish ɗin sadarwa mai faɗin mita 32 ta gyara a Kuntunse, ta ƙaddamar da shi a 2017 don wannan aikin.

Ina za ku nema? Hukumar NASRDA da aka kafa a 1999 tana Abuja, cibiyarta mai nazarin taurari kuma tana Nsukka.

Amma kar ku je hannu rabbana. Ku fara koyon Python tun yanzu, ku maimaita dokokin Kepler, ku tura takarda da wuri ta ofishin SIWES. Ku zauna da iyaye kan kuɗin masauki, musamman ke ƙanwata, don kar nisa ya zama dalilin hana ki.

Mai tambaya ya turo mana. Sai shiri na gaba, Allah Ya ba da sa'a.