TUSHEN AIKIN KULA DA JIN DAƊIN JAMA'A: JAWABIN BIKIN CIKA SHEKARA 50



Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan rana ta murna, an nemi mu waiwaya mu duba inda aikin kula da marayu, da matan da mazansu suka rasu, da naƙasassu ya samo asali. Yau da yawanmu muna ɗauka cewa aikin ma'aikatar gwamnati ne kawai. Tarihi bai nuna haka ba.

A cikin Littafin Firistoci sura 19, an umurci manomi ya bar gefen gonarsa da kalar hatsi domin matalauci da baƙo. Kalar nan ce Rut ta yi a gonar Bo'aza. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, an yi gunaguni cewa ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanus da Filibus, aka danƙa musu hidimar. Wato tun farko an gane cewa tausayi kaɗai bai isa ba, sai da tsari.

A ƙasar Ingila, dokar matalauta ta 1601 ta ɗora wa kowace gundumar ikilisiya nauyin matalautanta, ana karɓar haraji domin wannan. Amma wanda ya kamata mu lura da shi ƙwarai shi ne Rabaran Thomas Chalmers na birnin Glasgow. A 1819 ya raba yankin ikilisiyarsa kashi 25, kowane kashi da dikin ɗaya mai bin gida gida. Idan mutum ya nemi taimako, dikin zai duba ko zai iya aiki, ko yana da dangi, ko maƙwabta za su kama masa, kafin a taɓa asusun baiko.

Daga irin wannan tunani aka kafa wata ƙungiyar daidaita ayyukan sadaka a Landan a 1869, wadda ta riƙa aika masu ziyara da ajiye bayanin kowane iyali. Ta yi kuskure ɗaya babba: ta raba matalauta gida biyu, waɗanda ta ga sun cancanta da waɗanda ba su cancanta ba, kamar dai talauci laifin mai shi ne kullum. Waɗansu suka bi wata hanya. A 1884 Rabaran Samuel Barnett ya buɗe Toynbee Hall a unguwar talakawan Landan, inda masu ilimi suka zauna tare da mutanen da suke taimako. Jane Addams ta yi haka a Hull House da ke Chicago a 1889. A 1898 aka soma koyar da aikin a New York, a 1917 kuma Mary Richmond ta wallafa littafi a kan yadda ake binciken halin mai bukata. Ta haka hidima ta zama sana'a mai horo.

A nan gida, ba daga Turawa muka koyi taimakon juna ba. Gayya da adashi da riƙon maraya a gidan kawu sun riga su zuwa, 'yan'uwanmu Musulmi kuma suna da zakka. Abin da mishan suka ƙara shi ne wurare na musamman: gidan 'yantattun bayi a Rumasha a 1909, asibitin Vom a 1922, wurin jinyar kutare a Garkida a 1929, da makarantar makafi a Gindiri a 1953.

To, 'yan'uwa, me muka gani cikin wannan tarihi duka? Abu ɗaya ne: wani ya tashi ya je gidan wani. Zumunta a ƙafa take. Muna iya tara baiko na musamman, mu raba buhunan masara lokacin Kirsimati, amma gwauruwar da kunya ta hana ta shiga layi za ta kwana da yunwa, ba wanda ya sani. Yaron da aka kora domin kuɗin makaranta ba zai tsaya gaban jama'a ya faɗa ba.

Saboda haka muna roƙon Majalisar Dattawa abu uku. Na ɗaya, a raba unguwanninmu, kowace da mai ziyara. Na biyu, a riƙe asirin wanda aka taimaka, kada a kira sunansa a sanarwa. Na uku, a ƙarfafa 'ya'yanmu su karanci wannan aiki, gama yana bukatar sani kamar aikin asibiti.

Iyayen da suka kafa wannan Ikilisiya ba su da abin hannu kamar mu, amma sun san ƙofar gidan juna. Kada gininmu ya yi girma, saninmu da juna ya ragu.

 Ubangiji ya sa albarka. Amin.