Ɗaki Shi Ne Rabin Sitiriyo



Batun da muka zo da shi yau, watau gyaran ɗakin zama domin jin daɗin sitiriyo, ƙila wani ya ɗauke shi ƙaramin abu. Amma duk wanda ya san gidajen matasan ma'aikata a Wurno da Rabah da Goronyo ya san cewa da zarar albashi ya fara shigowa, kayan sauti suna cikin abubuwan da akan fara saye. Sai a kunna, a ji kiɗa ya cakuɗe da murya, a ce ai mai kanti ya yi ha'inci, a shiga tara kuɗin wadda ta fi ta girma. Alhali kuwa sau da yawa laifin na ɗaki ne.

Asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Waƙoƙin ƙasarmu magana ce. Wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo bai tsinci kirari da zambo da habaici ba, to, kotso kawai ya ji. Haka nan wanda ya saurari Ɗan Anace bai ji yadda yake zuga 'yan dambe ba, kalangu kawai ya ji. Ɗakin da ke cinye kalmomi yana raba mu da Hausar da ba za mu same ta a aji ba.

Ga yadda abin yake. Sauti yana tafiyar mita 340 da 'yan kai a daƙiƙa guda. A ɗaki mai tsawon mita 4, ke nan zai ratsa daga bango zuwa bango fiye da sau 80 kafin daƙiƙa ta cika. Abu mai tauri da santsi, kamar siminti da gilashi da tayil, yana mayar da sauti kusan yadda ya zo. Abu mai laushi kuwa shanye shi yake yi. Saboda haka kunne yakan ji kalma daga lasifika, sa'an nan ya yi ta jin amsa-kuwwarta daga bango har ta hau kan kalmar da ke biye. A shekarar 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani zauren lacca inda murya kan wuce daƙiƙa 5 ba ta mutu ba. Ya yi ta jigilar matasan kujeru cikin dare yana awo, har ya gano cewa girman ɗaki ke tsawaita amo, yawan kaya masu laushi ke gajarta shi. A ɗakin zama, abin da ake so shi ne amo ya mutu cikin rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka.

Magabatanmu ba su san wannan lissafi ba, amma gininsu ya dace da shi. A dubi tsofaffin soraye na Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi har ya rasu a 1837. Bangon tubali da yaɓe ba shi da santsi, rufin azara yana tarwatsa sauti, ƙasa kuma an shimfiɗe ta da tabarmi da buzaye. Shi ya sa dattijo kan yi magana a hankali a zaure, kowa ya ji. Mu kuwa mun koma bulo da kwano da tagar gilashi, mun bar bango tsirara. Ba cewa muke a rushe bulo ba; cewa muke a mayar masa da abin da soro yake da shi.

Da farko a gwada ɗakin. Mutum ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya. In ya ji wani kaifin amo yana karkarwa bayan tafin, ɗakin yana bukatar gyara.

Na biyu, a shimfiɗa darduma mai kauri tsakanin lasifika da wurin zama, ko da a bisa tabarma ce. A sa wa tagogi labule mai nauyi mai ninki. Kujerun kushin da tumtum na fatar Sakkwato duk suna taimakawa. Kantar littattafai a bangon baya tana tarwatsa sauti kamar yadda azara take yi, ga ta kuma ado ga mai ilimi.

Na uku, zaman lasifika. Ma'anar sitiriyo, wadda Alan Blumlein na Ingila ya yi wa rajista a 1931, ita ce kowane kunne ya sami rabonsa. Don haka tazarar da ke tsakanin lasifikan biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa mai saurare, misali mita 2. A ɗaga su daidai kunnen wanda ke zaune, a janye su daga bango kamar kamu guda. Kada a cusa su a kusurwa, domin nan ne amo mai kauri ke taruwa ya danne murya.

Na huɗu, dabarar madubi. Mutum ya zauna a kujerarsa, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Inda ya hango lasifika a ciki, nan ne sauti ke fara dukan bango ya dawo masa. A rataya gwado ko luru mai kauri a wurin, in da hali a bar ɗan rata tsakaninsa da bango. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa bai cika amfani ba, sai tara ƙura da kyankyasai.

Sai dai a lura: gyaran nan na cikin ɗaki ne, ba ya hana ƙara fita waje. Maƙwabci yana da hakki, balle lokacin salla da dare. Abin farin ciki, ɗakin da aka gyara ba ya bukatar a ƙure murya, domin kalma tana fita sarai ko an rage. Kunne ya huta, maƙwabci ya huta, aljihu ma ya huta. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shawararmu ke nan: kafin a je kanti, a fara tafa hannu a ɗaki.