Mu uku a ɗaki ɗaya, ba sif



Da na dawo Kebbe daga bautar ƙasa, ɗaki ɗaya muke kwana da ƙannena biyu. Kayana duk a buhu, jingine da bango. Damina ɗaya gara ta cinye min shadda biyu, saura ƙiris ta kai takardar digirina.

Na tafi Tambuwal neman sif, kuɗin ya fi ƙarfina. Sai na sayo ƙusa, igiya da kafur. Riguna suka koma kan igiya, akwati bisa bulo huɗu, takardu cikin leda can sama. Abin da na shekara ban sa ba, na bayar.

Ku ɗaga kayanku daga ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Sai mako mai zuwa.