Gonar Da Aka Ba Mu Amana

Karatunmu na yau yana cikin Farawa sura 2 aya 15, inda muka ga Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ayyuka biyu: nomanta da kuma kiyaye ta. Tun daga ranar, duk inda 'yan Adam suka zauna sai sun bar wa ƙasa alama.

Ku dubi duwatsun Sukur a Jihar Adamawa. Kakannin mutanen wurin sun jera duwatsu hawa hawa a jikin tudu domin ruwan sama kada ya kwashe ƙasar noma. A 1999 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Waɗanda suka ɗora duwatsun sun daɗe da komawa ƙasa, amma jikokinsu sun ci daga wahalarsu.

Sa'an nan ku dubi Bukuru da Barikin Ladi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka haƙa kuza a can, suka tafi da arzikin, suka bar manyan ramuka cike da ruwa. Gaskiya ne wasu manoma suna noman rani da ruwan, amma gonaki da yawa sun salwanta, yara da dabbobi kuma sun nutse a ciki. An ci amfanin ƙasa, ba a kiyaye ta ba.

To, 'yan'uwa, ƙasar da ta lalace tana iya farfaɗowa? A yankin Maraɗi, bayan farin shekarun 1970, gonaki sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An dasa itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma suke sarewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai. Manoma suka fara barin reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, suna sassabe sauran. Suka kira shi sassaben zamani. An ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kadada miliyan 5 a Nijar. Cikinsu har da gawo, wanda yake zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba ƙasa taki.

A Littafin Firistoci sura 25 Allah ya tuna wa Isra'ilawa cewa ƙasar tasa ce, su baƙi ne a cikinta. Haka muke mu ma. Bari kowannenmu ya tambayi kansa: gonar da na gada daga mahaifina, ta fi kyau a hannuna ko ta ƙara mutuwa? Kafin mu ɗaga gatari ko mu cinna wa daji wuta bana, mu tuna akwai ranar da Mai gonar zai nemi lissafi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa ƙasarka. Ka koya mana riƙon amana, domin 'ya'yanmu su sami abin nomawa. Cikin sunan Yesu. Amin.