Dandaƙa da Ƙaho: Namu da na Barewar Turai



Duk wanda ya ɗauki Risala a zaurukan Limancin Kona ya san cewa a layya ragon da ba a dandaƙe ba ya fi dandaƙaƙƙe, shi kuma ya fi tunkiya. Makiyayi ma ya san dandaƙa na taɓa ƙaho: na rago kan tsumbure, na sa kan yi tsawo ya sirance.

To, a barewar Turai da Amurka abin ya wuce nan. Ƙahon namijinta ƙashi ne zalla, kuma kowace shekara yake zubar da shi. Sabon kan fito lulluɓe da fata mai laushi, sai sinadarin da maraina ke fitarwa ya busar da shi, fatar ta saɓule.

In an dandaƙe shi yana ƙarami, ƙaho ba ya fitowa sam. Aristotil ya rubuta haka fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). In babba ne, ƙahon kan faɗi cikin 'yan makonni, wanda ya maye gurbinsa kuwa ba bushewa, ba faɗuwa. Sai ya yi ta toho curi-curi. A wata ƙaramar barewar Turai har yakan rufe idanu, ya ruɓe, ya kashe dabbar.