Kafin ka danna "Formater": maganar memori da kyamara

Shirin wannan mako mun haɗa shi ne daga Yawunde, nan tsakanin Messa da unguwar Birketeri, inda masu ɗaukar hoton biki, masu turin waƙa da karatu a waya, da fataken da ke saro kayan waya suke kai wa arewa duk suke cuɗanya. Maganarmu a kan ɗan abin nan ne da bai kai farcen babban yatsa ba, wato memori.

Ga yadda rigimar takan tashi. Mutum ya sayi memori sabo fil mai giga 64 a Avenue Kennedy ko a kasuwar Mokolo, ya sa a wayarsa, ya yi aiki lafiya. Ya cire ya sa a kyamara, ko a 'yar rediyon da yake jin tafsiri da ita a wurin kiwo, sai ta yi kamar ba a sa mata komai ba, ko ta rubuto masa "Erreur carte". Sai ya koma ya kama mai shago da faɗa, wai an sayar masa da jabu. To jabun akwai shi, za mu zo kansa. Amma sau da yawa memorin lafiyarsa ƙalau, na'urar ma haka. Yarensu ne bai zo ɗaya ba.

Kuma kada ku ce wannan maganar samari masu kallon fim ce. Yau wanda zai loda shanu a jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde yakan ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, da shaidar da ke kunne ko cinya. Ɗan kasuwar da ke bi ta Kusiri, Garwa-Bulai ko Kye-Ossi yakan ɗauki hoton rasit ɗin duwan da takardar likitan dabbobi, saboda takarda tana jiƙewa, tana ɓata. Ranar da saniya ta ɓata aka gan ta a wata kasuwa, ko aka tsare ka a shinge aka ce ba ka biya ba, hoton nan shi ne mai ba da shaidarka. In memorin ya ƙi buɗewa a ranar, kun ga ai an yi ba a yi ba.

Ku ɗauki memori kamar sito. Kayan da ke ciki su ne hotuna, bidiyo da sauti. Amma kowane sito yana da littafin da ake rubuta buhun wane yana wane lungu, da inda ya rage fili. Wannan littafi shi masana ke kira tsarin fayil. Akwai mai siton da ke rubuta littafinsa da ajami, akwai mai boko. In ka miƙa littafin boko ga yaron shagon da ajami kaɗai ya sani, zai ce maka bai ga komai ba, alhali sito cike yake. Haka kyamara take yi.

Littattafan da suka shafe mu guda biyu ne, kuma duk kamfanin Microsoft na Amurka ne ya fito da su. Na farko FAT32, tun 1996 yake. Tsoho ne, shi ya sa kusan kowace na'ura ta san shi: ƙaramar waya mai madannai, rediyo mai ramin memori, na'urar kiɗan mota, tsohuwar kyamara. Na biyu exFAT, wanda ya fito a 2006, shi kuma sai na'urorin da aka ƙera da saninsa. Wanda ya raba wa kowane memori nasa littafin ita ce ƙungiyar masu ƙera katin SD, wadda Panasonic, SanDisk da Toshiba suka kafa a shekarar 2000. Ku ɗauko memorinku ku duba jikinsa da kyau, akwai 'yan haruffa. In kun ga HC, wato SDHC, wannan daga sama da giga 2 ne zuwa giga 32, kuma da FAT32 yake fitowa daga kamfani. In kun ga XC, wato SDXC, wanda aka sanar a 2009, ya haura giga 32 kenan, 64, 128, 256 har sama, kuma da exFAT yake zuwa. Iyakar tana kan 32. Duk wanda ya riƙe wannan lamba ya riƙe rabin shirinmu na yau.

Sabuwar na'ura tana karanta tsohon kati, tsohuwa kuwa ba ta san sabo ba. Don haka kafin ka sayi memori, duba bakin ramin kyamarar ko takardarta, ka ga tambarin da aka buga. Kyamarorin gwanjo da ke shigo mana daga Turai, waɗanda samari ke fara sana'ar hoto da su, da yawansu an ƙera su ne kafin SDXC ya bayyana. A ganina, mai irin wannan kyamara gara ya sayi memori biyu masu giga 32 da ya sayi ɗaya mai 64. Kuɗin ba su da nisa da juna, kuma in ɗaya ya lalace a tsakiyar biki, ɗayan yana aljihu.

Akwai dabarar da masu gyaran waya ke yi: su ɗauki mai giga 64 su mai da littafinsa FAT32 da wata manhaja ta daban, domin Windows da kanta ta daɗe ba ta yarda ta yi wa abin da ya wuce giga 32 wannan tsari. Sau da yawa dabarar tana ci a na'urar da ta san SDHC, rediyo ko mota su karɓa. Amma kamfanin na'urar bai yi maka alkawarin haka ba, sai ka gwada kafin ka dogara da ita. Na'urar da ta girmi 2006 kuwa, wadda giga 2 ne iyakarta, kada ma ka wahalar da kanka, yadda take lissafin lungunan siton ne ya bambanta, babu fomatin da zai gyara wannan.

FAT32 yana da wani aibi da masu bidiyo suka sani sarai: fayil guda ba ya wuce giga 4. Ko memorin fanko ne, in ka turo masa fim ɗin da ya fi haka nauyi zai ce ya yi girma. Shi ya sa wasu tsofaffin kyamarorin Canon, irin su 550D, in suna ɗauka da cikakken inganci, sukan tsaya da kansu bayan kamar minti 12. Ka duba fa, liman yana tsakiyar huɗubar ɗaurin aure, waliyyi zai ce ya bayar, kyamara ta tsaya. Waɗanda suka biyo bayansu sun koyi yanka bidiyon gunduwa-gunduwa su ci gaba, sai ka ga walima ɗaya ta fito fayil biyar ko shida. Kada ka goge ko ɗaya da zaton maimaici ne. Af, akwai kuma wata tsayawar ta daban da ba ruwan memori: kyamarorin hoto da yawa na wancan zamani suna yankewa a minti 29 da daƙiƙa 59. Wannan aikin duwan ne. Tarayyar Turai a lokacin tana ɗaukar duk wadda ke ɗaukar minti 30 a jere a matsayin kyamarar bidiyo, harajinta ya fi yawa, sai kamfanoni suka rage daƙiƙa ɗaya. 'Yan kasuwar iyaka, kun ga ba ku kaɗai kuka iya lissafin shinge ba.

Yanzu ga wurin da ake kuka. Ka sa memori a na'urar da ba ta gane littafinsa ba, sai ta tambaye ka cikin ladabi: "Formater la carte ?" Mutane da yawa, musamman wanda bai karanta Faransanci ko Ingilishi, sai ya danna eh don rubutun ya kauce masa. To abin da ta tambaya shi ne: in yage tsohon littafin in buɗe sabo? Da ka amsa, duk abin da ke ciki ya ɓace daga ido. Don Allah in kun ga tambayar da ba ku gane ba bayan kun sa memori, ku kashe na'urar ku cire shi, ku mai da shi inda yake aiki da, ku kwashe kayanku tukuna.

In kuma an riga an danna, kada a yanke ƙauna, kuma kada a ƙara ɗaukar hoto ko ɗaya a kansa. Fomatin gaggawa littafin kawai yake yagewa, buhunan suna nan a sito har sai an ɗora wasu a kansu. Akwai manhajoji irin su PhotoRec da Recuva da mai kwamfuta zai iya bi da su ya tsamo da yawa. Wannan magana tana da wani gefen kuma: wanda ka sayar wa tsohon memorinka shi ma zai iya tsamowa. Hoton iyalinka, katin shaidarka, lissafin bashinka. In za ka rabu da shi, ka ce a yi masa cikakken fomatin, mai ɗaukar lokaci, ko ka bar shi a gida abinka.

To wa ya kamata ya yi wa memori fomatin? Na'urar da za ta yi aiki da shi. In na kyamara ne, ka kwashe kayan ciki, ka sa shi a kyamarar, ka shiga menu ka yi a can. Ita ta san littafin da take so, kuma za ta gina foldarta mai suna DCIM yadda ta saba. In ka kai wa mai kwamfuta ya zaɓi NTFS, wanda shi ne na Windows, ko ya yi da tsarin kwamfutar Apple, yawancin kyamarori ba za su kalle shi ba. In dole sai a kwamfuta, ƙungiyar SD tana da manhajarta kyauta mai suna SD Memory Card Formatter, ita ke zaɓar tsarin da ya dace da girman katin.

Wajen kwashe kaya ma akwai rami. Yaran shago sun saba da DCIM, ita kaɗai suke ɗauka. Amma kyamarorin Sony da Panasonic da yawa suna ajiye bidiyonsu a wata folda daban mai suna PRIVATE. Sai a kwafi hotuna, a yi fomatin, bidiyon suna ko na kamu ya tafi. Ka ce a kwafe katin gaba ɗaya, kuma ka buɗe bidiyo ɗaya ko biyu ka gani da idonka kafin a taɓa komai.

Makiyaya, wannan taku ce. Tun Android 6 na 2015, wasu wayoyin in ka sa musu sabon memori sukan tambaye ka: a yi shi na tafi-da-gidanka ne, ko a haɗe shi da cikin waya? In ka zaɓi na ciki, wayar za ta kulle memorin da makullin da ita kaɗai ke riƙe da shi. Ba kyamara, ba rediyo, ba kwamfuta, ba wata wayar da za ta buɗe shi. Ranar da wayar ta faɗa rafi wajen tsallakar da shanu, ko mai gyara ya mai da ita sabuwa, memorin yana hannunka amma abin da ke ciki ya tafi, kuma PhotoRec ma ba ta da abin yi. Wanda ke ajiye shaidar dabbobinsa ya zaɓi na tafi-da-gidanka, wanda Faransanci ke ce wa "stockage portable".

Sai jabu. Ku fara sanin abin da ba jabu ba: mai giga 32 ya nuna maka 29 da wani abu, mai 64 ya nuna 59 da wani abu, wannan bambancin lissafi ne, kamfani yana ƙirga dubu-dubu, kwamfuta tana ƙirga 1024. Jabun gaske shi ne katin da cikinsa ƙarami ne, aka gyara shi yana faɗin ƙarya, ya ce 128 ne. Yana karɓar kaya lafiya har ya cika ainihin cikinsa, daga nan duk abin da ka ƙara ko ya bi iska ko ya hau kan na baya. Sunayen fayil suna nan reras, ka buɗe babu komai. Muguntarsa ita ce ba a ganewa ranar saye, sai bayan wata biyu, kana can Mbaibum ko Mubi. Ku fatake masu saro da yawa, ku zaɓi biyu ko uku daga cikin kwalin ku sa a gwada da H2testw, manhajar da ke cika katin taf ta sake karantawa. Tana cin lokaci, babban kati yakan kai awoyi. Amma mai saye a kasuwar ƙauye bai san wanda ya ƙera ba, fuskarka ya sani, kuma kai zai jira ran kasuwa mai zuwa.

Wani abin da ke kama da lalacewa shi ne bairos ɗin wurin masu turi. Ka kai a sa maka karatu ko waƙa, ka dawo ka ga foldojinka sun koma wasu 'yan alamu masu kibiya, ba sa buɗewa. Yawanci ɓoye su aka yi, suna nan, mai kwamfutar da ya san aiki zai fito da su ba tare da fomatin ba. Shi ya sa nake ganin memorin nishaɗi daban, na shaida da takardu daban. Babban katin kyamara, da gidan da ake zura ƙaramin a ciki, suna da ɗan makulli a gefe; in ka ja shi ƙasa kafin ka miƙa, yawancin kwamfutoci ba za su rubuta komai a kai ba. In kuma kyamara ta ce kati a kulle yake, wannan ɗan makullin za ka fara dubawa, sau da yawa shi ne ya zame a aljihu.

Kuma a kula da 'yar fitilar da ke ƙyaftawa a bayan kyamara bayan an ɗauki hoto. Lokacin nan take rubutu a littafi. In ka zare katin, ko batir ya mutu a daidai nan, shafin yakan tsaya rabi, kuma FAT32 da exFAT ba su iya gyara kansu ba. Batir ya nuna ja, a tsayar da bidiyo da hannu, a jira fitila ta mutu.

Masu tambaya a kan kyamarar tsaro ta shago da wadda direbobin manyan motoci ke maƙalawa a gilashi, mun ga saƙonninku. Su aikinsu rubutu ne dare da rana, suna cinye kati da wuri, kuma akwai irin katin da aka yi musamman dominsu. Da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida na ruga, a gaida na kan hanya. Wassalamu alaikum.