"Ai Mun Faɗa Muku": Jawabi ga Ikkilisiyoyin Ruwan Bore



A zaɓen 2023 Zamfara ta raba ƙafa: Tinubu na APC a Abuja, Dauda Lawal na PDP a Gusau. Kowannenmu yana da wanda bai zaɓa ba a kan kujera. Da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, 'yan PDP suka ce, "Ai mun faɗa muku." Da 'yan bindiga suka ci gaba da tare hanyar Tsafe, 'yan APC suka rama.

Maganar tana da daɗi a baki, ban musa ba, kuma shugaban da ya gaza dole a faɗa masa. Amma mai dariyar nan shi ma taki ya gagare shi. Ku tuna Satumba 2021, da aka rufe kasuwannin mako da layukan waya: wa aka tambaya jam'iyyarsa kafin akuyarsa ta rasa mai saye?

Abin da ke ba ni tsoro, mun fara jiran labarin hari don mu ci gardama. Bayan sujada dattawa su rubuta gonakin da aka bari, na kowa da kowa, mu kai wa kansila tare.